Lasifika da Firiyam Mai Bawul: Tambayoyin da Ake Yi Kafin a Zuba Kuɗi

Duk wanda ya fara sha'awar haɗa kayan sauti na ƙwarai a gida, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke hana shi barci. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa su yadda na fahimci abin. Idan na ce firiyam, ina nufin akwatin da ke zama tsakanin na'urar da ke kunna waƙa da babbar amfilifaya. Bawul kuwa shi ne ƙwan gilashin nan mai jan haske da ake gani a cikin tsofaffin rediyo.

Da wanne zan fara, lasifika ko firiyam?

Lasifika, ba ja-in-ja. Amfilifaya ko firiyam mai kyau yana iya riƙe duk zangon da kunnen ɗan Adam ke ji, daga Hz 20 zuwa Hz 20,000 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), bai kauce da ko rabin desibel ba, wato ma'aunin ƙara. Lasifika kuwa, da zarar an ajiye ta a ɗaki, kaurin sautinta yana iya hawa da sauka da desibel 10 ko fiye. Wurin da ɓarnar ta fi yawa, can ya kamata hankali da kuɗi su fara zuwa. Ka dubi ɗakinka, ka zaɓi lasifikar da ta dace da shi, ka nemo amfilifayar da za ta iya tuƙa ta, sannan a ƙarshe ka zo kan firiyam. Mutane da yawa daga wutsiya suke farowa, saboda hasken bawul yana da ɗaukar ido, sai su wayi gari da akwati mai kyan gani a gaban lasifikar da ba ta iya nuna bambancinsa.

Me ya haɗa ɗaki da sautin lasifika?

Ɗaki rabin lasifika ne. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan ya bugi bango ya dawo, akwai wasu muryoyin da ke haɗuwa da kansu su kumbura, wasu kuma su kashe juna. Lissafin ba wuya: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗaki mai tsawon mita 5 zai kumbura sauti a wajen Hz 34, da kuma ninkinsa, wato Hz 69. To idan rufin ɗakin nan mita 2.5 ne, shi ma nasa kumburin a Hz 69 yake faɗawa. Biyu sun taru a wuri guda ke nan. Abin da za ka ji shi ne duk lokacin da mai gitar bes ya taɓa wannan murya, ɗakin ya ɗauki ruri, da ya wuce ta kuma sai ka ji kamar ya ja da baya.

Shi ya sa ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suke daidai ya fi kowane wahalar sha'ani. Shi ya sa kuma babbar lasifika a ƙaramin ɗaki take zama kaya: tana zuba kaurin sautin da ɗakin ba shi da inda zai kai shi. Babu firiyam, mai bawul ko maras bawul, da ke gyara wannan. Matsar da lasifika da kujerar zama, labule mai kauri, kafet, kantar littattafai, su ne maganin farko.

A takardar bayanin lasifika, wace lamba ce ta fi muhimmanci?

Ba yawan wat ba, ko da yake shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Wat ɗin da aka rubuta yana nuna abin da lasifikar za ta iya jurewa ne kafin ta ƙone. Lambar da za ka fara nema ita ce ta saurin amsawa, wadda ake rubutawa da dB, wato desibel: yawan ƙarar da lasifika ke fitarwa a nisan mita 1 idan aka ba ta bolt 2.83. Yawancin lasifikun gida suna tsakanin 84 da 92.

Ga inda abin yake da nauyi. Duk ƙarin desibel 3 yana bukatar a ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Lasifika mai 92 da aka ba wat 25 za ta yi ƙara daidai da mai 86 da aka ba wat 100. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka kuwa, sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi sau goma. Dubi gefe biyu na wannan duniya: Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a garin Hope na jihar Arkansas a 1946, tana kai wajen 105. LS3/5a, ƙaramar lasifikar da BBC ta tsara don motocinta na ɗaukar shirye-shirye a shekarun 1970, tana wajen 83. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfi sau 100. Amfilifaya mai bawul 300B, wadda ba ta wuce wat 8 ba, za ta girgiza gida da ta farko, ta biyun kuwa da ƙyar za ta tashe ta daga barci.

Akwai wata 'yar dabara da ya kamata ka sani. Bolt 2.83 wat 1 ne a lasifika mai om 8, amma wat 2 ne a mai om 4. Don haka lasifika mai om 4 da aka rubuta mata 90, a wat ɗaya 87 take.

Om 8 da om 4 ɗin fa, me suke nufi?

Turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke turo mata ke nan. Lambar da aka rubuta suna ce kawai. A gaskiya turjiyar tana hawa da sauka gwargwadon muryar da ake bugawa, kuma lasifikar da aka kira mai om 8 tana iya gangarowa om 3 a wani wuri. A nan amfilifaya mai rauni take haɗa gumi. Ka nemi mafi ƙarancin turjiyar, in kamfanin ya faɗa, ko ka duba awon da mujallun sauti ke bugawa. Amfilifaya mai bawul ta fi jin daɗin lasifikar da turjiyarta ba ta yawan tsalle-tsalle. Wannan duk tsakanin lasifika da babbar amfilifaya ne. Firiyam ba ya ganin lasifika ko kaɗan.

Rufaffen akwati ya fi, ko mai kafar iska?

Kowanne da abin da ya sayar ya sayi wani. Rufaffen akwati, irin wanda Edgar Villchur ya fito da shi a AR-1 a 1954, yana amfani da iskar da ke kulle a ciki a matsayin matashi. Kaurin sautinsa yana raguwa a hankali, desibel 12 a kowane zango (wato duk lokacin da Hz ɗin muryar ya ragu da rabi), ya fi haƙuri da kusantar bango, amma yana cin wuta. Mai kafar iska yana samun ƙarin zurfi da ƙara daga akwati mai girma ɗaya, sai dai ƙasa da muryar da aka daidaita kafar a kai, sautin yakan faɗi da sauri, desibel 24 a zango. Tun da Neville Thiele na Ostareliya da Richard Small suka tsara lissafin akwatin lasifika a shekarun 1960 da 1970, an daina yin sa da ka. Idan ka ji mai kafa tana buu-buu kamar ganga a cikin rijiya, sau da yawa an manna ta da bango ne.

Akwai kuma waɗanda ba su da akwati sam. Quad ESL ta Peter Walker, wadda ta fito a Ingila a 1957, siririyar leda ce da wutar lantarki ke kaɗawa tsakanin faranti biyu masu huji. Magnepan ta Amurka ma shimfiɗaɗɗiya ce, amma da maganaɗisu take aiki. Muryar mutum a kan irin waɗannan, in ka taɓa ji, da wuya ka manta. Farashin da kake biya shi ne wuri: suna fitar da sauti gaba da baya, don haka suna son a ba su kamar mita ɗaya daga bango, kuma ba su da naushin ƙirji irin na babbar wufa, wato faifan lasifika mai fitar da kaurin sauti.

Dogayen da ke tsayawa a ƙasa, ko ƙananan da ake ɗorawa a kan ƙafa?

A ƙaramin ɗaki, ƙananan. A kuɗi ɗaya, ƙaramar takan zo da kayan ciki mafi kyau, don ba a kashe kuɗin a katako ba. Amma ka sa kuɗin ƙafafun a lissafi, kuma ka san abin da za ka rasa: murya mafi ƙasa a gitar bes mai tsirkiya huɗu Hz 41 ce, ta fiyano kuma Hz 27.5, ƙananan lasifiku da yawa kuwa sun fara sarewa tun daga Hz 50 ko 60. Sabwufa, wato akwatin da ke fitar da kaurin sauti zalla, tana cike giɓin. Guda biyu matsakaita a wurare daban-daban sun fi ƙatuwa ɗaya, domin suna rage kumburin ɗakin da muka yi magana a kai.

In bi kunnena ko in bi awo?

Duka biyu, amma kada ka ɗauka kunne ba ya ruɗuwa. Floyd Toole ya shafe shekaru yana gwada wannan a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa, daga baya kuma a kamfanin Harman tare da Sean Olive. Sukan ɓoye lasifiku a bayan labulen da sauti ke ratsawa, su daidaita ƙararsu, su sa mutane su zaɓa. Abu biyu suka fito fili. Na farko, idan ba a ganin lasifikar, yawancin mutane, gwanaye da 'yan koyo, abu ɗaya suke so: wadda sautinta ya miƙe sumul a gaba, kuma wanda take watsawa gefe bai yi tudu da kwari ba. Na biyu, da an ɗaga labulen aka ga girma da suna da ƙyalli, maki yakan sauya.

Ni abin da nake yi, da awo nake tankaɗe, in fitar da uku ko huɗu. Tsakanin waɗannan kuma kunne ne alƙali.

Yaya zan yi gwajin saurare da ba za a yaudare ni ba?

Ka je da waƙoƙin da ka sani kamar tafin hannunka, har da waɗanda ba a ɗauke su da kyau ba, domin su ma za ka ci gaba da ji a gida. Wanda mai sayarwa ya tanada, an zaɓe shi ne don ya yi daɗi a kan komai. Ka sa muryar mutum yana magana kawai, ba kiɗa. Kunnenmu ya fi ƙwarewa a kanta fiye da kowane sauti, kuma nan take za ka ji in hanci ya toshe ko ƙirji ya kumbura.

Babban tarko shi ne ƙara. Idan ɗaya ta fi ɗaya da desibel ɗaya kacal, ba za ka ce ta fi ƙara ba, cewa za ka yi ta fi buɗewa, ta fi rai. Ka daidaita da na'urar awo, ko da ta wayar hannu ce. Kuma ka yi hattara da lasifikar da ta burge ka a minti biyar na farko. Siririn sautin da aka ɗaga yana kama da tsabta a shago, bayan awa biyu a gida sai ka ga hannunka yana neman maɓallin rage murya. In ana ba da aron kwana biyu a gida, wannan ya fi duk wani gwaji.

Na saya. A ina zan ajiye su?

Kai da lasifikun biyu ku zama kusurwa uku masu tsawo ɗaya, tiwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, daidai da kunnenka kana zaune. Ka janye su daga bangon baya, ka fara da rabin mita, ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Kada kujerarka ta jingina da bango, kada kuma ta zauna a tsakiyar ɗaki cif, inda kaurin sauti ke ɓacewa.

Sai ka nemi madubi da mai taimako. Ka zauna a kujerarka, shi kuma ya riƙa jan madubin a jikin bangon gefe daidai tsayin kunnenka. Inda ka hango tiwita a cikin madubin, nan sautin ke fara bugawa ya zo maka. Sa alama da ɗan tef, ka rataya abu mai kauri a wurin. Ka sake jin waƙar da ka sani. Mai rerawa da ɗazu ya bazu tsakanin lasifikun biyu, yanzu za ka iya nuna bakinsa da yatsa.

Mene ne ainihin aikin firiyam? Dole ne sai da shi?

Aiki huɗu: zaɓar abin da za a saurara, rage ko ƙara murya, ɗaga siginar in ta yi rauni, da tura ta cikin waya zuwa babbar amfilifaya ba tare da ta gaji a hanya ba. A zamanin da Marantz Model 7 ya fito a 1958, ko McIntosh C22 a farkon shekarun 1960, ɗaga siginar shi ne babban aikin, domin abin da ke fitowa daga faifai da rediyo ɗan kaɗan ne. Tun zuwan faifan CD, na'urori suna fitar da bolt 2, wanda ya isa ya kai yawancin amfilifayoyi ƙarshen ƙarfinsu.

Saboda haka in na'urarka ɗaya ce, kamar DAC (akwatin da ke mayar da waƙar dijital ta zama siginar sauti) mai maɓallin murya, za ka iya haɗa ta kai tsaye ka zauna lafiya. Wanda ya sayi firiyam mai bawul a yau yana saye ne don yana da na'urori da yawa, ko yana jin faifan garmaho, ko kuma yana son launin da bawul ke sa wa sauti. Duka dalilai ne masu kyau. Na ukun ne kawai mutane ba sa son amsawa.

To wane launi ne wannan? Gaskiya ne ko zance?

Akwai gaskiya a ciki. Bawul mai sassa uku, wanda ya samo asali daga ƙirƙirar Lee de Forest ta 1906, idan yana ɗaga sigina yakan ƙara mata wata 'yar inuwa, mafi yawa a ninki biyu na muryar asali. Ninki biyu kuwa murya ɗaya ce a zango na sama, don haka kunne ba ya jin ta a matsayin datti, yana jin ta a matsayin cika da ɗumi. Haka kuma bawul yana aiki da wuta mai yawa, bolt 200 zuwa 300, abin da ke ba shi fili sosai kafin sigina ta bugi rufi.

Sai dai ba duk mai bawul ne yake da wannan ɗumin ba. Audio Research, wanda William Z. Johnson ya kafa a Minnesota a 1970 lokacin da kowa ya koma taransista, ya yi suna ne da sauti mai haske da faɗi. Conrad-Johnson na da, an fi saninsa da zaƙi. Akwai firiyam masu bawul na zamani da in aka rufe maka ido ba za ka raba su da na taransista, wato marasa bawul, ba. Tsarin da'irar ya fi gilashin tasiri. Wani ɗumin kuma da ake yabo, in ka bi diddigi, rashin jituwa ne tsakanin na'urori biyu, wanda ya kawo mu tambaya ta gaba.

Zan iya haɗa firiyam mai bawul da amfilifaya mai taransista?

Sosai, kuma haɗi ne mai hikima: launin bawul a gaba, ƙarfin taransista a baya, ba tare da zafi da tsadar manyan bawul-bawul ba. Amma lambobi biyu za ka duba kafin ka biya. Turjiyar mashigar amfilifaya ta ninka turjiyar mafitar firiyam aƙalla sau goma. Firiyam mai om 600 a mafita yana lafiya da amfilifaya mai om 10,000. Mai om 3,000 kuwa yana son 47,000 ko sama.

Ko an cika wannan, saura kafasitar da ke bakin mafita, wadda ke tare wutar bawul kada ta wuce. Ita da turjiyar amfilifaya suna haɗuwa su zama matata mai yanke kaurin sauti. Na taɓa faɗawa wannan rami. Na karɓi wani firiyam hannu na biyu, mai shi ya rantse cewa kaurin sautinsa har ƙashi, kuma a gidansa haka na ji. Na kawo gida na haɗa, sai ganga ta zama kamar ana buga kwali. Mako biyu ina ja da lasifiku gaba da baya, ina zargin bawul, ina zargin waya. Da mai gyara ya buɗe, ya nuna mini kafasita mai maikurofarad 0.47. Amfilifayar mai shi om 100,000 ce, inda yankan ke faɗawa wajen Hz 3, ba mai ji. Tawa om 10,000 ce, yankan ya hau Hz 34. Babu abin da ya lalace. An sauya kafasita biyu zuwa manya, magana ta ƙare.

Ka tuna kuma in ka haɗa sabwufa a mafita ɗaya da amfilifaya, turjiyar biyun tana haɗuwa ta ragu: 47,000 da 10,000 suna komawa wajen 8,200.

Da na ɗan taɓa maɓallin murya sai ƙara ta cika ɗaki, ga kuma wani huci a tiwita. Lalacewa ce?

Galibi a'a, ninkin ne ya yi yawa. DAC yana ba da bolt 2, amfilifaya bolt 1.5 take bukata, firiyam mai desibel 20 kuma yana ninkawa sau goma. Sai maɓallin ya zubar da fiye da kashi 90 cikin 100 na siginar kafin a iya zama a ɗakin. A can ƙasan maɓalli ne hagu da dama suka fi saɓawa, hucin bawul kuma yana wucewa gaba ko an rage murya. Lasifika mai saurin amsawa tana ƙara tona asirin. Da na'urorin zamani, ninkin desibel 6 zuwa 12 ya wadatar. In maɓallinka yana zama tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2, in ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, a yawan saurarenka, haɗin ya yi.

12AX7, 12AU7, 6922, 6SN7: mene ne bambancinsu?

12AX7, wanda a Turai ake kira ECC83, yana ninka sigina har sau 100, shi ya sa ake sa shi a sashen garmaho. 12AT7 sau 60 ne. 6922 da ɗan'uwansa 6DJ8 sau 33, ba su da yawan huci kuma turjiyarsu ƙasa take. 12AU7 da 6SN7 wajen sau 20. 6SN7 ya fi girma, yana da ƙafa takwas, kuma masoyansa ba sa jin kira. Kada lambar bawul ta zaɓa maka firiyam. Kuma kada ka cusa wani a gurbin wani don ƙafafunsu sun shiga: 12AX7 da 6922 duka ƙafa tara ne, amma wayoyin zaren da ke ɗumama su ba ɗaya ba ne.

Sauya bawul don neman wani sauti fa? Tsofaffin sun fi na yanzu?

Yana sauya sauti, musamman a firiyam mai sauƙin da'ira, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba. Tsofaffin Telefunken na Jamus, Mullard na masana'antar Blackburn a Ingila, Amperex da RCA an yi su ne lokacin da rediyo, talabijin da sojoji duk da bawul suke aiki, kuma ingancin ya nuna. Matsalar ita ce sun yi ƙaranci, jabu ya yi yawa, kuma abin da ake sayarwa da sunan sabo fil wani lokaci an cire shi ne daga tsohuwar na'ura aka goge. Sunan ma yana ruɗi: Mullard da Tung-Sol da ake yi yanzu daga masana'antar Saratov ta Rasha suke fitowa, inda ake yin Sovtek da Electro-Harmonix. JJ a Sulobakiya yake, Psvane a Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, bawul ya yi wuya, farashi ya tashi, abin da ya nuna yadda masana'antun suka rage ƙalilan.

Shawarata, ka zauna da waɗanda suka zo da na'urar wata uku tukuna. In za ka saya, ka saya wurin mai na'urar gwaji da zai ba ka lambobin awo, ya kuma tabbatar ɓangarori biyun da ke cikin kowane ƙwai sun yi daidai. Ka ajiye saiti ɗaya na ko-ta-kwana.

Shekara nawa bawul ke yi, kuma yaya zan gane ya gaji?

Ƙananan na firiyam sukan yi awa 5,000 zuwa 10,000. Mai sauraren awa biyu kullum zai yi shekaru bai sauya ba. Alamun gajiya su ne huci da ke ƙaruwa, ƙaras-ƙaras a gefe ɗaya, ko sauti ya dushe. Ka musanya bawul na hagu da na dama bayan ka kashe ya huce. In matsalar ta bi shi ta koma ɗaya gefen, ka kama ɓarawo. Farar ƙura a saman gilashin, inda da yake da ƙyallin azurfa, yana nufin iska ta shiga, ya mutu.

Wani bawul kuma yakan zama kamar makirufo. Ka rage murya, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin akwatin da farce. In ka ji ƙwal a lasifika har yana jan wutsiya, wannan bawul yana jin kiɗan ɗakin yana mayar da shi ciki. Ka nisanta firiyam daga lasifika, ko ka sauya ƙwan.

Ina da garmaho. Kowane firiyam zai yi?

A'a, sai mai mashigar garmaho, ko ka sayi akwatinta daban. Lokacin yanka faifai ana rage kaurin sauti a ɗaga siririn, bisa ƙa'idar RIAA ta 1954, sashen garmaho ne ke mayar da shi daidai. Kan allura mai motsin maganaɗisu yana ba da wajen milibolt 5, yana son ninkin desibel 40 da turjiya om 47,000. Mai motsin naɗin waya yakan ba da rabin milibolt ko ƙasa, yana son desibel 60. A nan bawul shi kaɗai yakan yi huci, shi ya sa masu ƙira da yawa ke sa 'yar taransifoma a gaba, mai ninka sau goma, ta ɗauke desibel 20 na farko shiru.

XLR ko RCA? Wayoyi masu tsada fa?

Nau'o'in bakin wayar haɗa na'urori ne guda biyu. In wayar ba ta wuce mita biyu ba kuma babu gurnani, RCA ta isa. XLR tana amfani a doguwar tafiya. Da firiyam mai turjiya sama, gajeriyar waya ta fi, don doguwa tana shanye siririn sauti. Bayan wannan, kuɗin ya fi amfani a labule.

An ce wasu firiyam suna juya sigina. Abin damuwa ne?

Bawul ɗaya mai ninki yana kifar da sigina, sama ta koma ƙasa. In littafin na'urar ya ce haka, ka musanya jar waya da baƙa a bayan lasifikun duka biyu. Duka biyu, ba ɗaya ba.

In sayi tsoho na tarihi ko sabo?

Tsohon da ya haura shekara 40 yana bukatar mai gyara ya duba kafasitocin wutarsa, maɓallansa da kujerun bawul kafin a amince da shi, kuma wannan kuɗi ne da lokaci. Ka tabbatar da wutar da aka yi shi dominta, bolt 120 ko 230. Sababbi suna zuwa da rimot, da da'irar da ke rufe mafita har bawul ya yi ɗumi. A tsohuwar lasifika kuma ka duba zoben soson da ke kewaye da wufa, yakan ruɓe bayan shekara 15 zuwa 20. Ka taɓa shi a hankali, in ya manne a yatsa ko ya marmashe, sai an sauya.

Akwai ƙa'idar kunnawa da kashewa?

Akwai, kuma wannan ce ke ceton lasifika. Ka fara kunna na'urar waƙa, sai firiyam, ka jira kamar minti ɗaya, sannan babbar amfilifaya. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. Yayin da bawul ke ɗumama, mafitarsa tana iya yin tsalle da bolt masu yawa, amfilifaya mai taransista kuma za ta ninka wannan ta aika wa wufa kai tsaye. In wuta ta ɗauke kana saurare, ka tashi ka kashe amfilifayar kafin ta dawo.

Ka bar sarari a samansa don zafi ya fita, kuma ba sai ka bar shi a kunne dare da rana ba. Minti 15 zuwa 20 sun isa ya daidaita. In za ka cire bawul, ka zare filogi, ka jira ya huce, ka kama shi ka ja sama kana ɗan girgizawa a hankali. Ƙarƙashin akwatin kuwa ka bar wa mai gyara, domin kafasitocin ciki suna iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare filogi.